Wahalar Tunawa Ita Ke Kafa Ilimi

Tun shekarar 1885, sa'ad da malamin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a kan mantuwa, inda ya bayyana cewa abin da mutum ya koya yakan zube da gaggawa a sa'o'in farko, sa'an nan zubewar ta riƙa lafawa sannu a hankali, masana halayyar ɗan Adam ba su gushe ba suna neman dabarar da za ta tsare ilimi daga salwanta.

A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka ba ɗalibai wani nassi, suka umurci waɗansu da su yi ta nazarinsa har zama huɗu, waɗansu kuwa su yi zama ɗaya tak, daga nan su rufe takarda su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Da aka jarraba su bayan minti 5, masu maimaita karatu suka yi rinjaye. Amma da mako ya zagayo, sai ga masu rufe takarda sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, alhali waɗancan ba su wuce kashi 40 ba, ko da yake su ne suka fi sakankancewa cewa ba za su manta ba. A 2013 kuma, John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna hanyoyin karatu 10, suka iske jarraba kai da rarraba bita a kan kwanaki sun fi kowace hanya fa'ida, ja wa rubutu layi kuwa amfaninsa ƙalilan ne.

Sababin haka shi ne, idan ido ya saba da shafi, sai zuciya ta zaci ta mallaki ma'anarsa, alhali kuwa ƙoƙarin da ƙwaƙwalwa ke yi wajen lalubo abin da ya fara kuɓuce mata, shi ke ƙarfafa riƙonsa. Mahaddata sun daɗe a kan wannan tafarki, domin almajiri ba ya wanke allo sai ya kawo hadda, alaramma kuma ba ya barin tilawa.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, idan ka karanta babi, rufe littafin ka tambayi kanka abin da ke ciki, ka sake tambaya gobe, ka sake bayan mako guda, kada wahalar da za ka ji ta karya maka gwiwa.