Shirin Musamman: Ƙarfen da Ke Kwaikwayon Filatinam

 

Filatinam ƙarfe ne mai ɗan karen tsada, kuma mafi yawansa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Matatun mai suna buƙatarsa, akwai shi a cikin salansar motoci na zamani. Aikinsa shi ne ya gaggauta haɗuwar sinadarai, shi kuwa ba ya ƙarewa. Wannan aiki duka a bayan ƙarfen yake faruwa, a kan sahun ƙwayoyin zarra na waje da iska ke taɓawa. Na can ciki ba ruwansu.

A shekarar 1973, Michel Boudart na Jami'ar Stanford a Amurka da abokin aikinsa Levy suka fitar da wani sakamako a mujallar Science. Sun gwada kabayid na tangistin. To, kada ku ɗauka kabayid ɗin masu walda ne, wancan na kalsiyam ne. Wannan haɗin tangistin ne da kabon, mai tsananin tauri, wanda ake yin bakin na'urar huda dutse da shi. Sai suka ga yana haɗa haidurojin da oksijin su zama ruwa ba tare da an ɗumama shi ba, kamar dai yadda filatinam ke yi. Bayanin da suka bayar shi ne, kabon da ya kutsa tsakanin ƙwayoyin tangistin ya sauya zaman elektiron ɗinsu har suka ɗauko halin filatinam.

Amma fa kama da wane ba ta wane. Saurinsa bai kai na filatinam ba, ko kusa. Sannan da zarar iska ta taɓa shi, oksijin ya manne masa a baya, sai halinsa ya canza. A nan ne, a ganina, binciken ya fi daɗi. A farkon shekarun 1990 Boudart da Enrique Iglesia da abokansu suka nuna cewa wannan oksijin ba ɓarna kawai yake yi ba: yana rage wa kabayid zafin datse ƙwayoyin mai, sai ya koma sake musu fasali, abin da matatu ke so. Wato ɗan siririn rufin da ido ba ya gani shi ke yanke abin da ƙarfen zai yi.

A 2010 ɗaliban Jingguang Chen a Jami'ar Delaware suka bi wata hanya. Suka shimfiɗa filatinam sahu ɗaya tak a kan kabayid, suka raba ruwa da lantarki, haidurojin ya fito kusan kamar a kan filatinam zalla.

Sai dai akwai wani hanzari: mafi yawan tangistin na duniya daga Sin yake fitowa, don haka wanda ya guje wa dogaro da Afirka ta Kudu zai koma dogaro da Sin.