Jirgin Ƙasa A Kano: Daga Ina Ya Fito, Ina Ya Dosa?

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ya doshi gabas, ba zai yi nisa ba zai ci karo da layin dogo. Wannan layi ya haura shekara 100 a shimfiɗe. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin abin 'yan birni. Amma in an bi tarihi, gumin manomi ne ya raya shi, kuma manomi na cikin waɗanda suka fi jin jiki da ya ja baya.

Yadda Jirgi Ya Iso

Turawan mulkin mallaka sun fara shimfiɗa layin Arewa a 1907 daga Baro, wani gari a bakin kogin Kwara. Layin ya bi ta Minna da Zariya, ya iso Kano a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Legas. Daga Legas zuwa Kano tafiyar ta fi kilomita 1,100.

Layin bai shiga cikin ganuwa ba. A waje aka gina tasha, gabas da birni, kusa da Fagge. Nan kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da ɗakunan ajiya. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Kudu suka zauna a Sabon Gari. Ta haka wani sabon gari ya tsiro a gefen tsohon birni.

Kafin zuwan jirgi, fatake kan kawo kaya Kasuwar Kurmi a kan raƙuma da jakuna. Wasu daga hamada, wasu daga Gwanja da goro. Tafiyar kan ɗauki watanni. Da jirgi ya zo, sai ta koma ta kwanaki. Ciniki ya juya daga hamada ya fuskanci teku.

Gyaɗa Ce Ta Cika Taragu

Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa don masaƙun Ingila. Amma manoman Kano sun yi nasu lissafin. Sun ga masaƙan gida suna sayen auduga da daraja. Sun kuma ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi in ta ƙi sayuwa ana iya cinta. Saboda haka tun daga kakar 1912 gyaɗa ta riƙa kwarara tasha. Daga baya buhuna suka yi yawa har taragu suka kasa kwashewa. Sai aka riƙa jera su, aka sami dalar gyaɗa. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne ya fi shahara a wannan ciniki.

Don a ƙara samun amfanin gona aka miƙa wasu rassa. Ɗaya ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Wani ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Garuruwa da dama a bakin waɗannan layuka albarkacin tasha suka bunƙasa.

Me Ya Sa Ya Ja Baya?

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955. Amma daga shekarun 1970 al'amura suka fara lalacewa. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya noman gyaɗa. Hankalin hukuma ya koma kan man fetur. An gina manyan tituna, motocin daukar kaya suka ƙwace lodi. Layin kuma ya tsufa, ga kwana-kwana, ga ƙarancin gyara.

Asarar ta dawo kan talaka. Jirgi ɗaya yana jan taragu masu yawa a tafiya guda, saboda haka kuɗin dakon kowane buhu yana da sauƙi. Idan kaya suka koma mota, kuɗin dako sai ya hau. Manomi ya sayi taki da tsada, ɗan kasuwa kuma ya rage masa kuɗin amfanin gonarsa don ya biya mota.

Sabbin Layuka

An gyara tsohon layi, jirgin fasinja ya sake tasowa daga Legas zuwa Kano a watan Disamba na 2012. Sai dai tsohon layi matsattse ne, faɗinsa milimita 1,067. Na zamani faɗinsa milimita 1,435 ne, kuma ya fi miƙewa, don haka jirgi ya fi gudu a kansa. Jirgin wannan layi ba ya hawa wancan.

An buɗe irin sabon layin daga Abuja zuwa Kaduna a 2016. A 2021 aka ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano. A shekarar kuma aka ƙaddamar da na Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka tsara ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Amfanin waɗannan layuka ga mutanen karkara ya danganta ga abu biyu: a sami tashoshin lodi kusa da kasuwannin ƙauye, kuma kuɗin dako ya zama daidai ƙarfin talaka.

Namu Aikin

Layin dogo dukiyar jama'a ce. Mai kwance ƙusa ko ƙarfe ya sayar, rayukan mutane yake sayarwa. Duk wanda ya ga haka ya sanar da mai unguwa ko dagaci. Kada a kasa kaya ko a yi shanya a kan layi. Makiyaya su kula da dabbobinsu. A mahaɗar layi da hanya a tsaya, a duba dama da hagu, domin jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan bayani. Allah ya kiyaye hanya, amin.