YARON DA AKA LAƘABA WA ƊAN DAUDU

Yau zan taɓo maganar da muka saba yi da raɗa a ƙuryar ɗaki, alhali 'ya'yanmu sun riga sun gan ta cikin waya.

A ajin da nake koyarwa a ƙasar Kibiya akwai wani yaro ɗan shekara 11. Ga kai, ga ladabi. Sai dai muryarsa siririya ce, in yana magana yakan karya wuya, in an fita tara kuwa wurin 'yan mata yake zama. Yara suka laƙaba masa ɗan daudu, manya suka kama. Uban ya ɗauka bulala ce magani. Da muka komo hutun Sallah ban gan shi ba. Na je gidansu, uwar ta ce mini, "Malama, ya gudu birni, an ce yana wanke-wanke wurin masu abinci a tasha." Watau dukan da aka yi don a raba shi da daudu, shi ya kai shi.

'Yan daudu dai ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Wace ce a Rano ba ta taɓa cin kazar da suka soya a gidan biki ba? Mun san hannunsu a girki, mun san bakinsu a habaici, suna kiran juna ƙawa, babbansu uwar ɗaki. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano, ya buga littafi a kansu a 2009.

Abin da yake sabo shi ne wanda ke zuwa daga waje. A Turai da Amurka akwai waɗanda aka haifa maza suka ce a ransu mata ne, ko aka haifa mata suka ce maza ne. Su ne jaridu ke kira masu sauya jinsi. Suna neman a canja musu suna a takardu, kada kuma a kore su daga aiki ko asibiti. Tun 2009 suka keɓe 31 ga Maris don fitowa fili. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire halin nan daga jerin cututtukan taɓin hankali. Har Pakistan ta yi musu doka a 2018, ko da yake kotun shari'a ta ƙasar ta soke wasu sassanta a 2023.

Nan gida ba haka abin yake ba, kuma ya kamata kowace uwa ta sani. Tun dokar Final Kod ta Arewa ta 1960, namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a mai laifi ne. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 aka ƙara tsanantawa, ga kuma Hisba. 'Yan makaranta masu kallon Bobrisky suna dariya, ku tuna da aka ɗaure shi wata 6 a 2024 saboda liƙin naira, gidan yarin maza aka kai shi. A Agustan shekarar aka tsinci gawar wani da ake kira Abuja Area Mama a bakin titi a Abuja.

Kada kuma mu haɗa waɗannan da mata-maza. Wannan halitta ce ta jiki: a haifi jariri ungozoma ta kasa cewa mace ne ko namiji. Malaman fiƙihu suna kiransa hunsa, har rabon gadonsa sun tsara tun da daɗewa. Wadda Allah ya ba irinsa ta daina rufe shi da zane tana kuka ita kaɗai. A kai shi Asibitin Malam Aminu Kano likitoci su duba, tun kafin balaga ta zo da abin da ba a zata ba.

Ni ba malamar addini ba ce, hukunci na malamai ne. Amma na san aji. Yaro mai laushin murya bai yi laifin kome ba, kuma da yawa irinsa sukan girma su yi gemu su manta. Ki ja shi jiki, ki san wanda yake ba shi kuɗi da inda yake yini. In za a yi masa faɗa a yi a ɗaki, ba a gaban kishiya da 'ya'yanta ba. Ku kuma 'yan mata, sunan da kuke jifan ɗan ajinku da shi yana bin sa har gida.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sake komawa. Uban ya yarda ƙanensa ya shiga Kano ya nemo yaron, ni kuma na roƙi Hedimasta kada a soke sunansa daga rajista sai ƙarshen zango.