Ko Kun Sani? Ciyawar Roba Tana Ƙona Ƙafa

An fara sanin ciyawar roba a duniya a 1966, lokacin da aka shimfiɗa ta a filin wasa na Astrodome da ke Houston, Amurka, bayan ciyawar gaske ta mutu a ƙarƙashin rufin filin saboda rashin hasken rana.

Ciyawar roba ba ta son ban ruwa, ba ta son yanka. Sai dai a ƙasa irin ta Gaya da Ajingi, inda zafin watan Afrilu ke kaiwa maki 40, ciyawar roba da rana ta daka tana iya wuce maki 60. Yaron da ya taka ta ba takalmi sai ya yi tsalle ya koma inuwa. Ita ciyawar gaske, kamar kiri-kiri, ruwa take fitarwa ta ganyenta, shi ya sa take da sanyi.

Ƙurar hunturu tana cika ta roba, kuma bayan kimanin shekara goma sai an sauya ta. Ta gaske kuwa, in aka yanka, tumaki da awaki ne ke cin riba.