Takardar Labarai Ta Cikin Gida: Yadda Sojojin Amurka Suka Riƙa Raba Sanin Kwamfuta A Tsakaninsu

Ran 25 ga watan Fabrairu, 1991, da dare, ana cikin Yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami ƙirar Scud da Iraƙi ta harbo ya faɗa kan wani masaukin sojojin Amurka a garin Zahran na ƙasar Saudiyya. Soja 28 suka rasu, kusan 100 kuma suka ji rauni. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne, akwai na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot da aka girka domin tsaron wurin, amma ko motsi ba ta yi ba.

Da Babban Ofishin Binciken Kuɗi na gwamnatin Amurka ya fito da rahotonsa cikin 1992, sai aka ga ashe laifin yana cikin agogon kwamfutar da ke sarrafa na'urar. Agogon yana ƙidaya lokaci ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma irin lissafin da kwamfutar ke yi ba ya iya riƙe wannan adadi daidai wa daida, sai da ɗan kuskure. Kuskuren ƙanƙane ne ƙwarai, amma yana taruwa muddin na'urar tana kunne. A daren nan ta yi fiye da awa 100 ba a kashe ta ba, har kuskuren ya kai kusan sulusin daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci makamin Scud yakan ci fiye da rabin kilomita. Saboda haka na'urar ta nemi makamin inda ba ya nan, ba ta gan shi ba, ta ɗauka babu kome.

To, ba a ce ba wanda ya san da wannan aibi ba. Tun ran 11 ga watan sojojin Isra'ila suka ba ofishin da ke kula da Patriot bayanin cewa saitin na'urar yana gocewa bayan awa 8 tana aiki. Ran 21 ga watan ofishin ya aika wa rundunoni sanarwa cewa barin na'urar a kunne na lokaci mai tsawo ƙwarai yana iya ɓata saitinta, amma bai faɗi ko awa nawa ake nufi ba. Alhali kashe ta a sake kunnawa, aikin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba, ya isa ya mai da agogon daidai. Gyararriyar manhajar kuwa ta iso Zahran ran 26 ga watan, kwana ɗaya bayan mai afkuwa ta afku.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Amma abin da ya faru a Zahran ya nuna wani duhun dabam: sanin yana nan a cikin rundunar, sai dai bai kai ga mai buƙatarsa da kalmomin da zai yi aiki da su ba. Wannan ita ce matsalar da sassan kwamfuta na sojojin Amurka suka daɗe suna fama da ita, kuma ɗaya daga cikin magungunan da suka jarraba shi ne takardar labarai ta cikin gida, watau 'yar mujallar da ma'aikata ke rubutawa domin 'yan'uwansu ma'aikata.

ABIN DA YA SA AKE BUƘATARTA

Aikin soja yana da wasu halaye uku waɗanda ke sa sani ya salwanta. Na farko, canjin wurin aiki. A rundunonin Amurka bisa al'ada soja yakan yi shekara biyu ko uku a wuri guda a ɗauke shi. Idan ya tashi, duk dabarun da ya gano wajen lallashin wata na'ura mai taurin kai sukan bi shi, wanda ya gaje shi kuma ya fara daga farko. Na biyu, nisa. Runduna guda tana da ofisoshi da sansanoni da jiragen ruwa warwatse a duniya, kowanne yana iya shan wahalar da wani ya riga ya warware. Na uku, tsarin muƙami. Takardun hukuma daga sama suke gangarowa, ga shi kuwa sau da yawa wanda ya fi kowa sanin ciwon na'ura shi ne kofur ko sajan da ke kwana da ita, wanda ba shi da hanyar yin magana da takwaransa na wani sansani.

Takardar labarai ta cikin gida tana tsallake waɗannan shingaye. Ba umarni ba ce, don haka ƙaramin ma'aikaci yana iya rubutu a cikinta. Tana zuwa ko'ina lokaci guda. Kuma tana nan a ajiye bayan marubucin ya tashi.

TUN DAGA 1949

Al'adar ta kusa zama tsarar kwamfutar kanta. Cikin watan Afrilu na 1949 Ofishin Bincike na Rundunar Mayaƙan Ruwa ta Amurka ya fara fitar da wata takarda mai suna Digital Computer Newsletter. A zamanin nan kwamfutocin duniya kaɗan ne, kowacce tana cika ɗaki, kuma galibinsu ba a gama haɗa su ba. Takardar takan ba da gajeren bayani a kan kowace na'ura: ina aka kwana a aikinta, wane sashe aka gama, wane ne ya rage. Ta haka masu aiki a wata jami'a suka riƙa sanin abin da ake ciki a wani sansanin soja. Takardar ta ci gaba da fitowa har cikin shekarun 1960, kuma yau masu binciken tarihin kwamfuta suna komawa gare ta.

Darasin sauƙaƙa harshe kuwa daga rundunar ƙasa ya fito. Cikin 1951, lokacin Yaƙin Koriya, aka ƙirƙiro wata 'yar mujalla ta wata-wata mai suna PS domin koya wa soja kula da kayan aiki, tun daga motoci da bindigogi har na'urorin sadarwa. An yi ta daidai aljihu. Shahararren mai zanen nan Will Eisner ne ya riƙa yi mata zane har 1971, ana ba da bayanin fasaha ta bakin wasu mutanen zane, cikinsu har da wani tsohon sajan mai amsa wasiƙun sojoji. Manyan littattafan umarni suna nan, amma sojan da ba zai buɗe littafi mai ɗaruruwan shafuka ba yakan zaro PS daga aljihu ya karanta.

ZAMANIN ƘANANAN KWAMFUTOCI

Cikin 1981 kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur, kuma ba a jima ba irin waɗannan na'urori suka fara cika ofisoshin gwamnati. Da can kwamfuta tana ɗaki na musamman ne, ƙwararru ke kula da ita. Yanzu sai ga ta a gaban akawu da ma'ajin kaya da magatakarda, mutanen da ba su taɓa koyon aikinta ba. Tambayoyi suka yi wa ƙwararrun yawa, kuma yawancinsu iri ɗaya ne.

A cikin wannan hali ne cibiyar sarrafa bayanai ta mayaƙan ruwa da ke Norfolk, a jihar Bajiniya, ta fara buga wata takarda cikin 1982 mai suna Chips Ahoy. Sunan wasa ne da kalmomi: an haɗa sunan 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kwamfuta da irin kiran da matuƙa jirgin ruwa ke yi idan sun hango wani jirgi. Manufarta ita ce taimakon masu amfani da ƙananan kwamfutoci a rundunar, da sanar da su kayan da hukuma ta yi kwangilar saye. Daga baya aka gajarta sunan ya koma CHIPS, ta girma ta zama mujallar fasahar bayanai ta dukan Ma'aikatar Mayaƙan Ruwa.

Cikin 1986 takardar ta buga wata hira da Grace Hopper, wadda har yau ake ambato. Ita wannan mata, wadda aka haifa cikin 1906, ta sami digirin digirgir a fannin lissafi daga Jami'ar Yale cikin 1934, ta shiga aikin sojan ruwa cikin 1943. Ta yi aiki da na'urar Mark I a Jami'ar Harvard, kuma ita ce ta rubuta mafi yawan littafin bayanin aikinta, mai shafi fiye da 500, wanda ya fito cikin 1946. Aikinta ne ya share fagen harshen kwamfuta na COBOL cikin 1959. Ta yi ritaya ta ƙarshe cikin watan Agusta na 1986 tana da shekara 79, da muƙamin riya admiral, ta rasu cikin 1992.

Hanyar koyarwarta abin koyi ce ga duk mai rubuta irin wannan takarda. Idan tana so ta bayyana wa manyan hafsoshi abin da ya sa saƙo ke jinkiri ta tauraron ɗan'adam, sai ta miƙa musu guntun waya mai tsawon kusan santimita 30, ta ce iyakar nisan da haske ke ci ke nan cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Abin da ya gagari dogon jawabi, sai guntun waya ya fahimtar.

Rundunar mayaƙan sama ma ta bi sahu. Cikin 1988 wata cibiyar tallafa wa masu rubuta manhaja da ke sansanin Hill, a jihar Utah, ta fara fitar da CrossTalk, inda injiniyoyin manhajar kayan yaƙi suka riƙa bayyana wa juna hanyoyin aikin da suka jarraba.

SANI DA SIRRI

Mai karatu zai iya tambaya: ta yaya hukumar da aka gina bisa rufe baki za ta yarda ma'aikatanta su riƙa rubuta abin da suka sani? Amsar tana cikin labarin Cryptolog, mujallar cikin gida ta Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, watau NSA, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, kuma aikinta sauraren sadarwa da warware saƙonnin ɓoye. An fara ta cikin 1974, ta ci gaba har 1997, ta fito sau 136. Ita kanta mujallar takardar sirri ce, ba mai ganinta sai wanda aka tantance. Amma a cikin wannan da'ira masana lissafi da masana harsuna da masana kwamfuta sun riƙa musayar dabaru, suna rubuta wasiƙun ƙorafi, suna sukar tsarin aikin hukumar, har da wasannin wasa ƙwaƙwalwa. Cikin 2013 hukumar ta saki kofe-kofen ga jama'a, bayan ta shafe wuraren da take ganin har yanzu sirri ne.

Watau ke nan sirri yana ƙayyade wanda zai karanta ne, bai hana a rubuta ba. Hukumar da ta fi kowace tsare bakinta ta ga cewa idan sassanta ba su san abin da junansu ke yi ba, ita za ta yi asara.

YADDA AKE HAƊA TA

Daga waɗannan misalai ana iya tsamo sharuɗɗan da ke raya irin wannan takarda. Da farko sai an ɗora wa mutum guda nauyinta, a kuma rage masa wani aikin, domin abin da aka bar wa kowa ba na kowa ba ne. Kayan da zai buga kuwa suna nan kusa da shi: tambayoyin da ake yawan kawo wa ƙwararru, matsalolin da aka warware a cikin watan, sababbin kayan da aka karɓa, da kurakuran da aka tafka. Ƙwararru da yawa ba sa son rubutu, don haka edita nagari yakan je ya zauna da su, ya rubuta abin da suka faɗa, ya mayar musu su duba, sa'an nan ya sa sunansu a kai.

Bayan wannan sai tacewa iri biyu. Wani masani ya tabbatar bayanin daidai ne, domin shawarar da ba daidai ba idan aka buga ta takan yaɗu fiye da ta baka. Jami'in tsaro kuma ya tabbatar ba a fallasa abin da bai kamata ba, musamman raunin wata na'ura da ba a riga an toshe ba. Sai kuma fitowa a kan lokaci. Shafi huɗu da ke zuwa kowane wata sun fi shafi arba'in da ba a san ranar zuwansu ba. A ƙarshe, a ajiye tsofaffin kofe tare da jerin abubuwan da ke cikinsu, yadda sabon zuwa zai iya nemo abin da aka rubuta shekara uku kafin ya iso.

Akwai cututtuka biyu da ke kashe irin wannan takarda. Ɗaya ita ce ta koma fagen yabon shugabanni, hotunan bikin ƙarin girma su kore bayanin aiki. Daga ranar nan ma'aikata sukan daina buɗe ta. Ɗayar ita ce a hukunta wanda ya bayyana kuskurensa a cikinta. Idan aka yi haka sau ɗaya, ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya, alhali kuwa labarin kuskure shi ne mafi amfanin abin da take ɗauke da shi.

Dole kuma a san iyakarta. Takardar wata-wata ba ta maye gurbin sanarwar gaggawa. Tsakanin bayanin Isra'ila da harin Zahran mako biyu ne kacal, ba mujallar da za ta cike wannan giɓi. Abin da take yi shi ne ta saba wa mutane da rubuta bayani yadda wanda ke bakin aiki zai iya amfani da shi, ta kuma samar da wanda sana'arsa ce ya karanta rubutu da idon mai karɓa. Irin wannan mutum, idan aka miƙa masa takarda mai cewa kada a bar na'ura a kunne na lokaci mai tsawo ƙwarai, ba zai bar ta ta wuce ba sai ya tambaya: awa nawa?

Wannan darasi bai tsaya ga soja ba. Kowace ma'aikata tana da tsohon ma'aikacin da ya san inda kowane fayil yake da dalilin kowace ƙa'ida, kuma ranar ritayarsa tana tafe. Yau an daina jiran maɗaba'a, ana iya aika takardar ga mutum dubu cikin ƙiftawar ido, amma ainihin aikin bai sake ba tun 1949: a sami wanda zai bi ofis-ofis ya tambayi masu sani, ya rubuta da harshen da kowa zai gane, ya kai wa masu buƙata tun wanda ya sani bai tashi ba.