Man goge guda-gudan cinya: Abin da ya kamata ki sani kafin ki tura kuɗi

Duk macen da ke cikin guruf ɗin WhatsApp na biki ko na adashi ta san wannan tallar. Hoto biyu ne gefe da gefe, ɗaya cinya mai guda-guda kamar ɓawon lemu, ɗayan sumul kamar ta jaririya, a ƙasa an rubuta "sati biyu kacal". Daga Nima zuwa Aboabo, daga shagunan Makola zuwa na Kejetia, man shafawa na "selulait" ya shiga sahun kayan gyaran jiki da ake tallata wa amare da masu jego. Ni malamar kimiyya ce a ƙaramar sakandare, kuma tambayar ta fara iso ni daga bakin 'yan mata 'yan shekara 14 da 15, suna cewa: "Madam, wai ciwo ne?" Wannan ne ya sa na ga ya dace mu yi maganar a fili, tunda kuɗi da lafiyar fata ake zubawa a ciki.

Mene ne selulait?

A ƙarƙashin fatar mutum akwai kitse, a ƙarƙashin kitsen akwai tsoka. Wasu zaruruwa masu tauri, na sinadarin kolajin, su ne suka ɗaure fata da shimfiɗar da ke kan tsoka, suka ratsa ta cikin kitsen. Ki tuna da kujerar kushin da aka ɗinka wa maɓallai: inda zare ya ja, wurin ya lotsa, tsakanin maɓallan kuma soso ya tasa. Haka abin yake a cinya da ɗuwawu da ƙugu. Zaren yana jan fata ƙasa, kitse yana tura ta sama, sai a ga tudu da kwari.

A 1978 wasu likitoci biyu a Jamus, Nürnberger da Müller, suka bayyana dalilin da ya sa abin ya fi kama mata. A jikin mace zaruruwan a tsaye suke, kamar turakun shinge, don haka kitse na samun hanyar bulluƙowa. A jikin namiji kuwa a gicciye suke kamar saƙar raga, suna danne shi. Sinadarin mata na istirojin, da gado, da kaurin fata, da shekaru, duk suna da hannu. Likitocin fata sun ƙiyasta cewa mata 80 zuwa 90 cikin 100 da suka balaga suna da shi, kaɗan ko da yawa. Siririya na da shi, 'yar wasan tsere na da shi, mai jiki na da shi.

Ke nan ba cuta ba ce, ba datti ne ya taru a jiki ba, ba kuma "guba" ba ce kamar yadda masu talla ke cewa. Waɗancan likitocin biyu ma a taken rubutunsu sun kira shi ciwon da aka ƙirƙira. Kalmar daga Faransa ta fito, kuma ta bazu a Amurka bayan 1973, lokacin da Nicole Ronsard, wata mai shagon gyaran jiki a New York, ta fitar da littafi a kai. Kakanninmu sun rayu da shi, sun yi aure, sun haihu, ba su ma sa masa suna ba.

Kada kuma a haɗa shi da nankarwa, wato layukan da ke fitowa a ciki da cinya bayan goyon ciki ko ƙiba ta farat ɗaya. Wannan daban, wancan daban, ko da yake kwalba ɗaya ake tallata wa duka biyun.

Me ke cikin kwalbar?

In kika juya kwalba kika karanta bayanta, galibi ɗaya daga cikin abubuwa huɗu za ki tarar.

Na farko kafeyin, sinadarin nan na kofi da shayi. Yana rage ruwan da ke wurin na ɗan lokaci, fatar ta ɗan ɗame. Sai an shafa kullum, kuma ranar da aka daina, jiki ya koma yadda yake.

Na biyu retinol, dangin bitamin A. Shi ne ke da ɗan abin kamawa a bincike. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta ce man da ke da retinol kashi 0.3 cikin 100 na iya ƙara wa fata kauri, ta yadda guda-gudan ba za su fito sosai ba. Amma sai an yi wata shida ana shafawa, ko fiye, kafin a san ko ya yi. Wata shida fa, 'yar'uwa, ba sati biyu ba.

Na uku aminofilin. Wannan asalinsa maganin asma ne. Hujjar cewa yana gyara cinya ba ta da ƙarfi, amma an san yana iya kawo ƙaiƙayi da ƙuraje, wasu kuma bugun zuciya da fargaba. Mai asma da ke amfani da abin shaƙa ta nisance shi, sai likita ya ce to.

Na huɗu su ne masu zafi, waɗanda ake cewa suna "ƙona kitse". A ciki akwai sinadarin barkono, ko mentol, ko irin sinadarin man zafi na ciwon gaɓoɓi. Zafin da kike ji jijiyoyin fata ne aka tsokana, jini ya taru a wurin. Kitse ba man gyaɗa ba ne da zai narke don fata ta ɗumama. Gumin da ya fita kuwa, da kin sha ruwa ya dawo.

Abin lura shi ne, babu ko ɗaya cikin huɗun da ke tsinka zaren nan da ke jan fata ƙasa. Mai yana aiki ne a saman fata, matsalar kuma tana can ƙasa da ita. Iyakar abin da mai kyau zai yi shi ne ya laushe fata, ya ɗan ɓoye abin muddin ana shafawa. Rabin kyan da ake gani ma daga murzawar ne da danshin da fata ta samu, abin da man kaɗanyarmu ke yi tun fil azal.

Manyan kamfanoni ma an kama su

Wata za ta ce ai na kasuwa ne jabu, na Turai na gaskiya ne. To ga abin da ya faru a Amurka. A 2011 hukumar kula da ciniki ta ƙasar, FTC, ta tuhumi kamfanin Beiersdorf, masu Nivea, kan tallar man My Silhouette da aka ce yana rage faɗin cinya da ƙugu. Kamfanin ya amince ya biya dala 900,000 ya kuma daina wannan iƙirari. A 2014 kamfanin L'Occitane ya biya dala 450,000 kan wasu mayuka biyu na almon da ya ce suna rage jiki da selulait. A shekarar dai kamfanin Wacoal ya biya dala miliyan 1.3 kan wandon matse jiki da aka ce an zuba masa kafeyin. In masu ɗakunan bincike sun kasa kawo hujjar da za ta gamsar da hukuma, ina ga wanda ya dama nasa a bokiti a bayan gida?

Hatta hanyoyin asibiti ba su gama da abin ba. Waɗanda suka fi daɗewa su ne masu yanke zaren kai tsaye, kamar na'urar Cellfina da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015, kuma aikin ƙwararren likita ne mai tsada. Allurar Qwo da aka amince da ita a 2020, kamfaninta ya daina sayar da ita a ƙarshen 2022 saboda taruwar jini da canjin launin fata da take bari. Tiyatar zuƙe kitse kuwa tana iya ƙara fito da guda-gudan.

Batun hoton "kafin" da "bayan", gwada da kanki a ɗaki. Haska tocilan daga sama ko daga gefe ki matse tsoka, za ki ga ko'ina ya lotsa. Haska daga gaba ki saki jiki, sai ya baje. Minti ɗaya ya isa a haɗa hotunan nan biyu.

Inda haɗarin yake

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar illa, duk da ba ƙarama ba ce. A ce kwalba sidi 150 ce tana kai wata ɗaya. Wata shida ya tashi sidi 900, kuɗin da zai sayi littattafai da yunifom na yara.

Babbar illar tana cikin yadda ake amfani da shi. A unguwarmu wata amarya, saura kwana goma a ɗaura aure, ta shafa mai zafi ta naɗe cinyoyinta da leda ta kwana, don mai sayarwa ta ce haka ya fi saurin aiki. Da safe fata ta yi bororo. Ranar lalle tana ɗingishi, kuma baƙin tabon ya fi wata biyar bai gushe ba. Da aka kira mai man, cewa ta yi: "Hajiya, ai alamar yana aiki ke nan." Leda tana tsare zafi, tana kuma sa fata ta sha sinadarin fiye da ƙima. Tun 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa man zafi masu mentol da danginsa na iya ƙona fata, musamman in an ɗaure wurin tamau ko an ɗora abu mai ɗumi. Mu kuma baƙar fata, ƙuna ko kumburi kaɗan na bar mana tabon da ya fi abin da muke gudu muni.

Sai haɗin da ba shi da suna, wanda ake zubawa a roba a ce "na musamman". Irin waɗannan sau da yawa akan cakuɗa su da man bilicin mai sitiroyid ko haidirokwinon, don fata ta yi haske da sheƙi a kwanakin farko. Sitiroyid yana sirantar da fata, yana kawo nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa, kuma siririyar fata ta fi nuna guda-guda. An je neman ƙiba an samo rama. Tun 2016 hukumar FDA ta Ghana ta sanar da hana shigo da kayan shafa masu haidirokwinon, kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012, wato Act 851, ta wajabta a yi wa kayan shafa rajista kafin a sayar.

In dai sai kin shafa

Ba na cewa haramun ne mace ta so jikinta ya yi kyau. In kin yanke shawarar gwadawa, ga abin da zai kare ki.

Ki sayi mai lambar rajistar FDA, da jerin sinadarai, da ranar lalacewa. Wanda babu rubutu a jikinsa, ko 'yar'uwarki ce ke sayarwa, ki ce mata Allah Ya kawo kasuwa.

Ki ɗan shafa a cikin hannu, ki jira kwana biyu. In ya yi ƙaiƙayi, ja ko kumburi, ki haƙura da shi.

Kada ki shafa a kan rauni, ƙuraje, ko fatar da aka yi wa aski ko dilka a ranar. Kada ki naɗe da leda, kada ki bi shi da ruwan zafi ko turaren tsuguno.

Mai ciki da mai neman ciki su guji retinol gaba ɗaya. Mai shayarwa ta tambayi likita ko ungozoma a awo. Yarinyar da ke makaranta ba ta da buƙatarsa sam.

Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauki jariri ko ki taɓa ido, ki ajiye kwalbar inda yara ba sa kaiwa.

In fata ta ƙone, ki wanke da ruwa mai sanyi da yawa, ki je asibiti da kwalbar a hannu, sannan ki kai rahoto ofishin FDA mafi kusa.

Akwai kuma wata cuta mai suna kusan iri ɗaya, selulaitis, wadda ƙwayoyin cuta ke kawowa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, wani lokaci da zazzaɓi. Wannan ba ta man shafawa ba ce, ta asibiti ce a ranar, musamman ga mai ciwon suga. Selulait na gaskiya ba ya ciwo. In cinyoyi suna nauyi da zafi in an taɓa, a ga likita. Akwai sashen fata a Korle Bu da Komfo Anokye.

Abin da ya fi mai

Tsoka mai ƙarfi a ƙarƙashin kitse tana sa fata ta fi shimfiɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tafiya da sauri bayan asuba, hawa bene, tsuguno da miƙewa sau goma sha biyar a ɗaki, duk ba sa cin ko pesewa. Mai ƙiba in ta rage a hankali takan ga sauƙi, amma ramar farat ɗaya na sa fata ta saki. Sigari da shisha suna lalata kolajin. Duk da haka kada a yi tsammanin zai ɓace ƙaf, domin ginin jikin mace ne.

Saƙona na ƙarshe ga iyaye mata da yayye ne. Yarinya tana jin abin da ake faɗa a kan jikinta a tsakar gida kafin ta ji na TikTok. In ta nuna miki cinyarta cikin damuwa, ki gaya mata ke ma kina da shi, gwaggonta na da shi, kuma lafiyarta ƙalau. Maza ma su ji: kalma ɗaya ta ba'a daga miji ta isa ta tura mace wurin mai roba da leda. Allah Ya ƙara mana lafiya.