Awon Gonar Kiwo a Gefen Duwatsun Birnin Kudu

Da yawa daga cikinku sun tambaye mu me matasanmu 'yan sa kai suke yi da igiya da turaku a jeji tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Wasu ma sun ɗauka fili za a ƙwace. Tsoron nan yana da asali, domin a zamanin Turawa malaman taki ne suke zagaya gonakin ƙasar Kano suna awo don a yanka haraji, kuma har 1991 wannan yanki cikin Jihar Kano yake. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani.

Wata ƙungiyar masu kiwo da muke taimaka wa, Kirista da Musulmi, tana da fili inda take tsare shanu da tumaki, tana kuma shuka ciyawa. Iyakarsa a baki take kawai: daga tsamiya zuwa suri, daga suri zuwa dutse. Tsamiyar ta faɗi, dattijon da ya san wurin ya rasu. Idan damina ta zo, maƙwabci ya ƙara kunya biyu, bana biyu, baɗi biyu, ranar da saniya ta taka shuka sai rigima ta tashi.

Ba ma kafa turke ko ɗaya sai mai unguwa da dagaci da ardo da duk masu iyaka da filin suna tsaye. Wannan ya fi awon kansa cin lokaci. Idan an yarda da kusurwa, sai a kafa turke, a ja igiya mai mita 50 daga wannan turke zuwa wancan, ana rubutawa. Fili ba ya zuwa da kusurwa huɗu daidai, don haka mukan raba shi gida-gida masu kusurwa uku, a lissafa kowanne, a haɗa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato kusan eka biyu da rabi. Fili mai tsawon mita 200 da faɗin mita 150 hekta 3 ke nan.

Muna amfani da GPS na waya, amma a yi hattara da shi. Yakan kauce da kamar mita 5. A gefe mai tsawon mita 200, kaucewar mita 5 ta kai kashi ɗaya cikin goma na hekta, abin da ya isa a kai mutum gaban alƙali. Saboda haka igiya ce shaidarmu ta farko, waya tana biye. Bayan awo mukan ba da shawara a dasa gamba ko bini-da-zugu a kan layin, domin turken itace gara takan cinye shi.

Awon ya taɓa mu mu ma. Ya nuna shingen ƙungiyar da muke taimaka wa ya shiga cikin burtali. Ba a ji daɗi ba, an yi kwana biyu ana ja, amma aka janye shingen. Littafin Maimaitawar Shari'a 19:14 ya hana a gusar da iyakar maƙwabci, kuma a ganinmu makiyayi mai wucewa da garkensa maƙwabci ne.

Sai maganar duwatsu. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka zana hotunan dabbobi a jikin kogo. Abin da ya fi ba masu kiwonmu mamaki shi ne shanun zanen ba su da tozo, wasu da dogayen ƙaho, wasu da gajeru, ba irin farfarun shanun da muke kiwo yau ba. Akwai kuma duwatsun kiɗa, waɗanda idan aka buga su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙarfe. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi ɗan Ingila, ya bincika su a 1955, daga nan aka san su a duniya. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce take kula da wuraren, tana kuma da cibiya a garin. Ba wanda yake da ikon sa irin wannan wuri cikin gonarsa. Idan layi ya doshi dutse mai kogo ko mai alamar zane, mukan tsaya nesa, mu bar fili, mu sanar da ma'aikatan hukumar. Mun roƙi yara masu kiwo kada su hura wuta a kogo don ɗumi, gama hayaƙi yana rufe zanen, kada kuma su rubuta sunayensu da gawayi. Masu fasa dutse su ne babbar barazana, domin abin da aka fasa ya tafi ke nan.

A ƙarshe, takardar da muke bayarwa ba takardar mallaka ba ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe fili a karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, fiye da haka sai da yardar gwamna. Taswirar da hukuma take karɓa kuwa sai safiyo mai rajista ya sa mata hannu. Tamu tana taimakawa ne a je wurinsa da iyaka wadda kowa ya riga ya yarda da ita. Mukan yi kwafi uku: ɗaya ga masu filin, ɗaya ga dagaci, ɗaya a ofishinmu.

Awon yana yiwuwa ne da rani, bayan an kwashe amfanin gona. Ƙungiyar da take so ta fara sanar da mai unguwarta da maƙwabtanta, sa'an nan ta aiko mana ta hannun fasto ko shugabar zumuntar mata. Muna kuma neman matasa da suka iya lissafi, maza da mata, su zo mu koya musu jan igiya.